Keken da Na Ƙera wa Inna

Daga bakin titi zuwa gidanmu a Ƙofar Guga sai ka karya kwana sau uku, kuma a kwana ta biyu, in mutum biyu suka haɗu, dole ɗaya ya manne da bango. Waɗanda suka gina unguwar da jaki suka yi awo. In jaki ya wuce da mangalarsa bai gogi katanga ba, to hanya ta yi. Mu da muka gaji lungun ba mu taɓa damuwa ba, don babu mai mota a cikinmu, kuma muddin ƙafafunka suna ɗaukarka ba za ka ga laifin wurin ba.

A shekarar da soja suka koma bariki bayan dogon zaman da suka yi, ina gyaran keke a ƙarƙashin wani itacen bedi a bakin titin nan. Faci, ɗaurin sarƙa, miƙe taya, shi ke nan sana'ata, kuma na iya ta, ba yabon kai ba. Yayana masinja ne a wani ofis. Mahaifiyarmu, da muke kira Inna, waina take toyawa a tsakar gida tun kafin a haife ni. Mace ce mai jiki, mai murya, wadda in ta yi magana a ɗakinta ake amsawa a gida na uku. Ni ne autanta, kuma da Auta take kirana har na yi furfura.

Ciwon suga ya daɗe a jikinta, ya kashe mata tafin ƙafa ba mu sani ba. Wata safiya ta taka garwashi a bakin murhu da ƙafar hagu, ba ta ji komai ba. Da ta ga wurin ya tashi sai ta shafa abin da ta shafa, ta ɗaure da tsumma, ta yi shiru da bakinta. Matata ce ta gano, bayan kusan mako uku, kuma wari ne ya tona asirin. Lokacin ƙafar ta kumbura har idon sawu, Inna ba ta iya dafa ta a ƙasa, ga zazzaɓi.

Da safe Yaya ya fita ya samo tasi, ya tsaya da direban a bakin titi don kada ya gudu. Saura fito da ita. Na ce in goya ta, ta harare ni, na janye maganata. Babur ba zai yiwu ba. Sai na ciro ƙyauren ɗakina, muka shimfiɗa katifa a kai, muka kwantar da ita, na kira maƙwabta uku majiya ƙarfi. Lungun ba ya barin a riƙe abu a gefe, don haka a kafaɗa muka ɗora, biyu gaba biyu baya. Inna kuwa kunya ta kama ta, wai maza sun ɗauke ta a sama tana kallon kowa, sai ta ja farin mayafinta ta rufe jikinta tun daga kai har yatsu.

Ni ina gaba, kumatuna a manne da katako, idona a ƙasa ina gudun kwata. Na ji salati ya tashi a zauren farko, na ɗauka tausayi ne. Muna isa kwana ta biyu wani ya taɓa ni ya sa kafaɗarsa a wurin tawa, na ce a raina Allah ya yi wa mutanen unguwar nan albarka, na sakar masa. Sai da na miƙe na waiwaya na ga abin da muka jawo. Maza sun cika lungun a bayanmu, wasu suna gyara hula, wasu ba su ma tsaya neman takalmi ba, kowa yana jiran a zo kansa ya karɓi kafaɗa ya sami lada. A garinmu ba a ganin mutum huɗu ɗauke da abu a rufe da fari a ci gaba da zama. Ba wanda ya tsaya duba ko makara ce ko ƙyaure, zannuwan da ke kan katifar sun sauko sun rufe gefen. A cikin gidaje mata sun fara kuka.

Na ɗaga murya na ce, «Jama'a, asibiti za mu!» Wani dattijo ya rungume ni yana bubbuga bayana. «Sai haƙuri, ɗana. Haka abin yake, hankali ba ya ɗauka da hwarko.» Kafin in ƙwace, an yi gaba da uwata.

A kwana ta biyun nan akwai gidan wani Alhaji, mai dakali a ƙofar zaurensa, wanda suka shekara ashirin suna rigimar ruwan kwata da Inna. Shi ma ya biyo, kuma muryarsa ba ta ɓuya. «Yaushe abin ga ya hwaru? Mi ya sa ba a sanar da mu ba? Allah shi jiƙan ta. Mace ce mai hwaɗa, ba a raba ta da hwaɗa, amma ba ta da riƙo. Kuma wainarta, to, an gama cin waina a unguwar ga.»

Direban tasi yana hango mu ya tada mota, yana ce wa Yaya ba su yi da shi zai ɗauki gawa ba. A nan ne aka sauke ƙyauren a bakin titi, Inna ta yaye mayafi ta tashi zaune. Wanda ke riƙe da wajen kanta ya zubar da hularsa a kwata wajen ja da baya. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan Alhaji. «Na ji, na gode. Mai hwaɗan ba ta tahi ba tukuna.» Sai dariya ta ɓarke, har da masu zama a ƙasa. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Ita ba ta yi ba.

A babban asibiti suka riƙe ta mako guda, suka yanke ruɓaɓɓen naman, zazzaɓin ya sauka. Likitan, wani matashi marar yawan magana, ya kira ni da Yaya ya faɗa mana a fili. Za a sallame ta, amma sai an kawo ta wankin ciwo yau a zo, gobe a huta, jibi a dawo, har wata uku ko huɗu. Ya ce irin wannan ciwon ba ya yafe fashi. Ya ɗora gefen hannunsa a ƙasan gwiwarsa ya ce, in aka yi wasa, daga nan za a cire.

Ranar da muka dawo da ita, mata biyu ne suka tallafe ta tana ɗingishi da ƙafa ɗaya tun daga titi har ɗaki, don ta ƙi ƙyauren. Kafin ta isa, jini ya jiƙe bandejin. Ta zauna a bakin gado ta kira mu ta yanke hukunci. «Kahwaɗar namiji ba ta sake ɗaukata, ko a kwance ko a zaune, sai ranar da ba ni da ta cewa. Na ji abin da za a hwaɗa bayana, ya ishe ni.» Sai ta juya fuskarta bango ta yi kuka, abin da ban taɓa gani ba tun rasuwar babanmu. Mu abin dariya muka ɗauke shi. Ita kuwa ta kwanta a ƙarƙashin mayafi tana jin mutanen da ta sani tun ƙuruciya suna yi mata addu'ar mamaci, kuma abin ya shige ta.

Aka yi fashin zuwa sau ɗaya, aka yi na biyu. Yaya ya kawo shawarar baro, ta tambaye shi ko ita buhun masara ce. Ko da ta yarda ma, fitowa daga lungu rabin aikin ne. Lokacin ana wahalar mai, tasi sai an yi sa'a, kuma hayarta kowane kwana biyu har wata huɗu ta fi ƙarfin masinja da mai faci. Yaya ya sa babbar riga ya tafi wajen sabon kansilanmu, wanda hotonsa ke manne a kowane bango na lungun har da na makewayi. Ya dawo da albishir cewa yanzu mulki na jama'a ne, motar asibiti tana nan tafe kowace mazaɓa. Na tambaye shi ko motar za ta iya karya kwana ta biyu. Ya ce ba ni da ladabi.

Ranar fashi na uku matata ta fito daga ɗakin Inna ta ce warin ya fara dawowa. Tsoro ya kama ni sosai. Na je rumfata na zauna ina kallon tarkacen da na tara shekara da shekaru, waɗanda matata take kira bola. Ni ba likita ba ne, ba kansila ba ne, amma duk abin da ke tafiya a kan taya na san kansa. Na ɗauki igiya na shiga lungu na auna wurin da ya fi matsewa, na ƙulla igiyar a daidai nan, na rufe rumfa.

Tayoyin baya biyu na tsofaffin kekunan 'yan kasuwa na zaɓa, masu kauri, na sake musu ɗauri. A gaba na sa ƙaramar taya ta keken yara. Kujerar ƙarfe mai hannu na roƙo wajen mai shayin kusa da ni. Wani abokina mai walda a Ƙofar Kwaya ya haɗa mini ƙarafan, yana yi yana tambayata ko jirgi nake ƙerawa. Na fito da katako a gefen hagu inda ƙafar za ta miƙe, na naɗe shi da soso. A baya na kafa kan keke da birkinsa da ƙararrawarsa, wurin turawa. Na ɗaga kujerar sama sosai da gangan, don wanda ya zauna ya zama kusan kai ɗaya da na tsaye. Yini biyu na yi, ban karɓi facin kowa ba.

Na turo shi cikin lungu ina jin kaina, sai ga shi ya cije a kwana ta biyu. Bango da bango na auna, a daidai ƙirjina, na manta taya a ƙasa take tafiya. Dakalin Alhaji ya fito da kamar yatsa huɗu, kuma tayar dama ta ƙi wucewa. Na ja baya na sake gwadawa, na karkata, na ɗaga, abu ya ƙi. Na tsaya ina zagin kaina a fili.

Alhaji yana zaune a kan dakalin yana jan carbi, yana kallona. A kan dakalin nan yake karɓar gaisuwa tun ina yaro, ubansa ne ya gina shi. Ya tambaye ni na wa ne wannan abu, na faɗa masa. Ya tashi ya shiga gida, na ɗauka fushi ya yi. Sai ga shi da diga. Ya tattare rigarsa ya fara saran kusurwar da hannunsa, na ce ya kawo in karɓa, ya ture ni. «Na raka ta sau ɗaya bisa kuskure. Bari in gyara mata hanya.» Har yau in ka bi lungun za ka ga dakalin da guntulalliyar kusurwa, 'ya'yansa ba su gyara ba.

Na kai keken har ƙofar ɗakin Inna. Ta daɗe tana kallonsa.

«Mi ne ne wanga kuma?»

«Keke ne, Inna. Zama za ki yi, ni in tura.»

«Huskata a buɗe?»

«A buɗe.»

«Ba mai ɗaga ni sama?»

«Babu.»

Ta sake dubawa. «Ƙararrawar ga, mi take yi a wurinka? Maido ta nan inda hannuna zai kai.»

Washegari ta sa a ciro mata atamfar da take zuwa suna da ita, ta kafa ɗauri, ta sa kwalli. Muna fita zaure ta danna ƙararrawa. Duk ƙofar da muka wuce sai ta sa na tsaya, ta gaida mutanen gidan, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aka ji da zafi, ba ta rage ko ɗaya ba, don kowa ya gan ta a zaune da bakinta. A ƙofar Alhaji ta dubi ɓaraguzan dakalin, ta dube shi. Ta ce, «Ruwan kwatarka dai har yanzu wajenmu yake bi.» Ya ce, «Allah shi ba ki lahiya, ki zo mu ci gaba.» A asibiti, malamar da ke wankin ciwo ta yi mana faɗa sosai da ta buɗe ƙafar. Fashin da muka yi ya ci ƙaramin yatsa, a makon aka cire shi.

Daga nan ba mu sake fashi ba. Tafiyar ta fi rabin awa in ba laka, kuma damina ta same mu a ciki. Na ɗaura laima a jikin kujerar. In ruwa ya cika hanya sai in naɗe wando in bi ta gefen gidaje, ina tura mace mai nauyin Inna a cikin taɓo har numfashina ya riƙa fita da ƙara. 'Yan baburan haya suka sa wa abin suna motar kansila, suna mana hon in sun wuce, Inna tana rama musu da ƙararrawa. Masu kawo mini gyara da safe suka koma wajen wani. Ban ji daɗin wannan ba, amma ban fasa ba. Ranakun hutunmu kuma keken ba ya kwana a gida. Ya fitar da wata mai naƙuda daga can ƙuryar lungu, ya kai wani tsoho awon hawan jini, har ya zama ba a sallama a tambaye ni, Inna ake tambaya, ita ke ba da aro da sharuɗɗanta.

A kan bencin jira na asibiti Inna ta yi ƙawa. Wata mata ce daga wani ƙauye can bayan gari, siririya, mai irin ciwonta a ƙafar dama, kuma nata ma bai kai na Inna muni ba da farko. An ce mata ita ma ta riƙa zuwa kowane kwana biyu. Amma mota ba ta shiga garinsu sai ranar kasuwa, in ruwa ya cika rafi ma ko ranar kasuwar babu. Sau ɗaya take zuwa a mako, wani makon ba ta zuwa. Ba ta da kowa a birni. Inna takan ƙulla mata waina a leda, wadda matata ta toya, tana ba ta haƙuri cewa ba ta kai tata ba. Har ta ce mata ta dawo gidanmu da zama, matar ta ce wa zai riƙe mata yara da awaki a tsakiyar damina.

Muka yi mako uku ba mu gan ta ba. Wata rana muna fitowa sai Inna ta hango mijin ƙawar tata a baranda, ta sa na tura ta ɗakin da aka kwantar da matar. Tana kwance an rufe ta da zane, kuma daga gwiwar dama zuwa ƙasa zanen a shafe yake da katifa. Ta yi murmushi ta ce rafi ne ya hana su. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ba wadda ta ambaci ƙafa. A hanyar gida Inna ba ta taɓa ƙararrawa ba ko sau ɗaya. Ni kuma ina turawa ina jin haushi, ban ma san wa nake jin haushinsa ba. Matar nan ba ta fi Inna sakaci ba, ta ma fi ta bin doka. Nisa kawai ya raba su, kuma keken da na ƙera ba zai kai garinsu ba.

Bayan wannan Inna ce take tada ni. Tun ban gama karyawa ba zan ji ƙararrawa a tsakar gida, ta riga ta hau tana jira.

Ramin ciwon ya riƙa cikewa a hankali, har ya zama auduga kaɗan ake sawa. Ana cikin girbin gero, wata ranar Talata, malamar ta buɗe bandeji ta ce mu jira likita. Ya zo ya danna wurin da yatsa, ya juya ƙafar, ya duba katinta gaba da baya. Ya ce tun bayan fashin da aka yi da farko bai ga rana ɗaya da ta ɓace ba, a ina muke zaune, wa ke kawo ta. Malamar ta nuna masa keken ta taga. Ya fita baranda ya zagaya keken, ya matsa birki, ya tsuguna ya duba waldar. Ya dawo ya tambayi inda muka saye shi.

Iyayenmu ba sa yabon ɗansu a gaban mutane, abin kunya ne. Inna ta kalli bango ta ce, «Ba saye aka yi ba. Wanga ya yi shi.» Ta nuna ni da haɓa. Sai ta ƙara, a hankali, «Da hannunshi.» Na sunkuyar da kai don kada malamar ta ga idona.

Likitan ya ce ba sauran bandeji. Ya ce ta sauko ta taka, amma kada ta kuskura ta sake taka ƙasa ba takalmi, ko a cikin ɗaki. A nan muka dubi juna. Wata huɗu ƙafar hagu tana naɗe, ba wanda ya tuna da warin takalminta, na dama kawai muke zuwa da shi. Na cire silifa ɗina na hagu na tsuguna na sa mata. Ya yi mata yawa. Ta dafa kafaɗata ta sauko daga gadon, sannan ta sake ni. Ta tsaya a kan ƙafafunta biyu, ta yi taku ɗaya, ta yi na biyu, ta fita ƙofa ta bi baranda har inda keken yake, ni da likita da malamar muna biye.

Da ta zauna na miƙa hannu in karɓi takalmina, ta janye ƙafar. «Ba ka ji abin da likita ya ce ba?»

Haka na turo ta muka ratsa gari da azahar, ƙafata ɗaya da silifa ɗaya babu, kwalta tana ƙuna. Mutane suna kallon ƙafata suna dariya, ni kuwa ko gwamnan da aka rantsar a shekarar bai kai ni jin kai ba.